Yadda Na Faɗo Daga Ɗorawar Toranke

Sunana Sabi'u, mutumin Toranke ne ni, sana'ata kuma faɗuwa. Idan kana kallon fim ka ga an hankaɗo mutum daga kan katanga, ko jaki ya kayar da shi, ko an fasa masa tukunya a ka, to fuskar ta jarumin ce, amma gadon bayan da ya daki ƙasa nawa ne. Yanzu na daina hawa sama, faɗa nake tsara wa wasu. Abin da ya sa na zauna yin wannan bayani, makon jiya samari huɗu suka tare ni a tashar Gaya, kowa riƙe da wayarsa, wai in koya musu yadda ake dirowa daga babur yana gudu, za su ɗauka su ɗora mutane su gani. Ɗayansu har da cewa, "Baba, ai minti goma ya isa, faɗuwa ce kawai." Mota ta riga ta cika, direba yana ta hon, ban samu na ba su amsa ba. Tun ranar maganar ta hana ni sakat. To ga amsar nan, su da ire-irensu.

Dako nake yi a wannan tashar lokacin da masu fim suka fara zuwa daga Kano. Rannan ina can saman babbar mota muna ɗaure buhunan gyaɗa, na ja igiya da ƙarfi, ta tsinke a hannuna, na tafi ta baya. Da yake na yi kokawa tun ina yaro, jikina ya yi abin da ya saba: na naɗe wuya, na sauka a kan kafaɗa, na mirgina na miƙe ina kaɗe riga. Sai ga wani gajeren dattijo ya baro masu kyamara ya nufo ni.

Ya ce, "Sake yi."

Na ce, "In sake me?"

"Faɗuwar."

Na ce masa ni lafiyata ƙalau, ban taɓu ba. Ya tuntsire da dariya ya ce, "To kai nake nema. Wanda zai koma ya hau ba tare da ya yi gardama ba, ba na ɗaukarsa, ba ya daɗewa." Shi ne Maigida Ilu, a hannunsa na koyi duk abin da na sani.

Wata huɗu ina bin sa bai bar ni na faɗi ko sau ɗaya ba. Buhu nake ɗinkawa, in cika, in ɗauka, in jera, in kwance. Ni kuwa ba mai son zama ba ne, jikina har ƙaiƙayi yake yi. Kullum ina ce masa, "Maigida, yaushe zan hau?" Sai ya ce, "Ranar da ka san abin da za ka sauka a kai." A nan na gane cewa ƙaiƙayin gero maƙiyinmu ne: yana da laushi a hannu, amma da ya sha raɓa sai ya danƙare kamar daɓe. Ɓawon gyaɗa shi ne na kirki, domin akwai iska a cikinsa, idan ka faɗa kai yana murƙushewa ya shanye nauyinka. Amma sau uku yake yi. Na huɗu ya zama gari, sai a zubar a sake. Katifa ita kaɗai kuma mayaudariya ce, ba ta riƙe mutum, cilla shi take yi gefe. Abin da muke yi, mu jera kwalaye marasa komai a ciki, mu liƙe bakinsu, sahu biyu ko uku gwargwadon tsawon da za a faɗo, sannan katifa a sama. Kwali yana lotsewa a hankali, shi ya sa muke son sa. Ban taɓa wuce shagon da aka zubar da kwali ban tsaya na danna shi da yatsa ba, har yau.

Tukunyar da ake fasa wa mutum a ka, ba ta kasuwa ba ce. Wata tsohuwa ce a Kademi take gina mana, siririya kamar ɓawon ƙwai, ta cire ta daga wuta kafin ta gama gasuwa. Dole a ɗauko ta cikin ciyawa kamar jinjiri. Sandar duka karan dawa ne, mu naɗe shi da takarda mu shafa masa fenti. Jini kuwa zoɓo ne da sukari, a dafa har ya yi kauri. Yana kyau a kyamara, amma ka kwanta da shi a ƙasa da rana tsaka ana jiran darakta ya gama waya, ka ga yadda ƙuda da tururuwa za su yi taro a wuyanka, kai kuma gawa ce, ba damar motsi.

Naushin farko da na karɓa a gaban kyamara, a wani kango ne a bayan Gaya, kuma sau tara aka maimaita. Ba mai naushin ne yake kuskure ba, ni ne. Hannu yana wucewa da tazarar yatsu huɗu daga haɓarka, kyamara tana bayan mai dukan, don haka ba ta ganin tazarar. Aikin duka yana wuyan wanda aka daka. Ka juya kai da wuri, ƙarya ta fito. Ka makara, ka sha na gaske. Maigida Ilu yana tsaye yana ƙirga mana, ɗaya, biyu, uku, kamar mai koyar da rawa. A na taran na makara da gangan don a gama, na sha na gaske, haƙori ya huda min leɓe. Darakta ya yi ta tafi. Muka koma gida ni da Maigida. A ƙofa ya ce, "Idan jini ya fito na gaske, mun faɗi jarrabawa. Kowane wawa zai iya jin ciwo."

Daraktoci su ne masu ba mu aiki, kuma kusan dukansu ciwo ɗaya ne yake damunsu: rana. Kullum rana za ta faɗi, kullum janareto ya kusa shanye mai, kullum jaruma tana da wani aikin a Kano. Kai kuma kana durƙushe kana tsince tsakuwa daga inda za ka mirgina, su suna kallonka kamar kana ɓata musu lokaci da gangan. Na koyi in ce "saura kaɗan" ba tare da na ɗaga kai ba.

Wani abin da ba ku sani ba, faɗuwar ban dariya ta fi ta tashin hankali wuya nesa ba kusa ba. A fim ɗin faɗa na gaske, an buge ka, ka zube, an wuce wurin. A na barkwanci kuwa, sai ka yi jinkiri, ka tsaya kamar ba abin da ya same ka, ka ɗan yi taku biyu, sannan ƙafa ta tafi. Hannuwa a warwatse, ƙafafu a sama, duk abin da aka hana ka yi don kare jikinka shi ne abin da yake ba mutane dariya. Sai ka yi dabarar da za ka nuna kamar ka saki jiki alhali kowace gaɓa tana inda ka ajiye ta.

Aikin da nake son in ba ku labarinsa ya zo ne bayan Maigida Ilu ya tsufa ya koma gida, ni na gaje shi. Wani darakta matashi mai suna Nasiru ya same ni a ƙofar gida da littafi a hannu. Ba irin littafin da aka cika da rubutu ba ne, zane ne daga farko har ƙarshe, akwati-akwati, maganar mutane tana fitowa daga bakinsu cikin 'yar da'ira. Wani malamin firamare ne a Balan, Malam Habibu, ya yi shekaru yana zana shi da fensir da biro bayan an tashi daga makaranta, har aka buga masa a Kano. Labarin wani mai gadin gonar kankana ne, Cindo, matsoraci na ƙarshe, wanda inuwarsa ma razana shi take yi, amma duk lokacin da ya ruga don tsira sai ya faɗa kan ɓarayi ya kama su bai sani ba, gari kuma ya ɗauka jarumi ne. Na zauna a kan dakali na buɗe, ban tashi ba sai da na kai ƙarshe, ina dariya ni kaɗai har maƙwabta suka leƙo.

Nasiru ya ce, "Oga Sabi'u, yara da manya sun haddace littafin nan. Kowane akwati so nake ya fito a fim yadda yake. Idan muka canja, za su gane."

Na ce, "To mu gani."

Na koma na bi shi a hankali da idon aiki. Yawancinsa mai yiwuwa ne. Cindo ya faɗa rijiyar da ba ruwa, wannan rami ne mai zurfin ƙirji da dabarar kyamara. Cindo ya yi karo da rumbu, wannan zana ce da kara. Sai na zo wani shafi can wajen ƙarshe. Akwati na farko, Cindo yana reto a reshen ɗorawa, reshen ya maƙale masa wando ta baya, ɓarayi kuma sun taho ta ƙasa da amalanken shanu cike da kankanar da suka sata. Akwati na biyu, wando ya yage, Cindo yana cikin iska, baki a buɗe. Akwati na uku, yana zaune daram a kan kankana, ɓarayi sun watse. Tsakanin na biyu da na uku ba komai sai siririn farin layi. Mai zane ya tsallake shi da fensir. Ni kuwa a cikinsa zan wuce da jikina.

Na auna tsawon Cindo a zanen da tsinke, na jera shi daga amalanke zuwa reshe. Tsawon mutum huɗu. Na ce wa Nasiru biyu zan yi, da ɗan ɗoriya. Ya ce sai dai in gaya wa Malam da bakina.

Ɗorawar da aka zaɓa tana nan bayan garinmu, a bakin hanyar gonaki. Malam Habibu ya zo a kan kekensa, dogon mutum mai sanyin murya, da alli a gefen hannun rigarsa. Na yi masa bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam Sabi'u, ba gardama nake yi ba. Amma dariyar shafin nan a tsawon take. Idan reshen ya yi ƙasa, ai Cindo ba shi da dalilin ihu."

Gaskiya ya faɗa. Na ɗauki kankana guda babba, na sa a buhu na rataya, na hau har reshen da ya dace da zanensa. Na ce su matsa. Na sake ta. Ƙarar da ta yi ba babba ba ce, amma jan cikinta ya fantsamu har kan takalmin Malam. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Can ya zaro fensir daga aljihu, ya zauna a kan saiwa, ya buɗe bayan littafin ya fara zane. Kafin in sauko ya gama. Ya mayar da reshen ƙasa, amma ya zana shi daga ƙasa ana kallon sama, ƙafafun Cindo manya-manya a gaba, ganye can nesa, har ya fi na farkon ban tsoro. Ya miƙa wa Nasiru ya ce, "Ka kwantar da kyamararka a ƙasa." Daga ranar na san da mai sana'a nake aiki.

Lawandi ne ya fito a Cindo, ɗan wasan barkwancin da ko tafiya ya yi sai an yi dariya. Shi ma ya zo da tasa, wai shi zai faɗo da kansa, don abokansa suna yi masa tsiya cewa wani ne yake shan wuya shi yana shan suna. Na ce ya hau ya leƙo ƙasa tukuna. Ya hau, ya leƙo, ya sauko a hankali ya ce, "Maigida, na yi tunani, kada in shiga haƙƙin sana'arka." Nasa ɓangaren a ƙaramin reshe muka ɗauka, yana tsaye a kan durom, kyamara tana ganin fuskarsa kawai.

Kwana uku na yi ina shirya wannan faɗuwa. Na ɗaura ɗamarar tamfol a ƙarƙashin riga, igiya ta bi ta cikin wando ta hau reshe, da zargen da ni da kaina zan ja ya kwance. Wandon kuma an tsaga shi an riƙe da zare ɗaya. Cikin amalanken na shimfiɗa buhunan ɓawon gyaɗa, kwalaye a kai, katifa, tamfol, sannan muka rarake cikin kankana muka kifa ɓawonta a sama. Ta gaske tana gefe-gefe kawai. Shanun na wani makiyayi ne, Malam Buba, farare guda biyu masu sanyin hali. Muka ja layi a ƙasa. Daga layin zuwa ƙarƙashin reshe taku takwas ne na shanu. Faɗowata tana cin taku ɗaya. Don haka a na bakwai zan ja zarge. Da yake zan riƙa kallon sama ina wutsil-wutsil kada a ga fuskata, ba zan ga amalanken ba, Nasiru ne zai ƙirga da ƙarfi. Mun gwada da buhun yashi mai nauyina har sau shida, yana sauka a tsakiya kamar an ajiye shi da hannu.

Ana gobe za a ɗauka, ruwan farko ya sauka. Da safe na je da wuri na taɓa komai. Na canja kwalayen da suka yi sanyi. Na hau na jijjiga reshe. Na bi igiya taƙi-taƙi da yatsa. Malam Buba ya iso da shanunsa, farare biyu, na ɗaga masa hannu daga sama. Nasiru yana ta kallon gabas, hadari yana sake haɗuwa, yana cewa a yi sauri kafin haske ya tafi. Saboda duhun hadarin ya sa aka kawo wani allo mai ƙyalli da ake haska fuska da shi, aka tsaya da shi gefen hanya. A gwaji babu shi.

Aka rataye ni. Na ji Nasiru ya ce a fara. Ɗaya, biyu, uku, ina jin ƙarar ƙafar amalanke. Biyar, shida. A daidai bakwai na ja zarge, kuma a daidai nan na ji wani irin huci da ƙarar karkiya. Na riga na saki. Ashe hasken allon ne ya daki idon san da yake gefen dama, ya zabura ya fizgi amalanken gaba. Maimakon tsakiyar katifa, ƙuguna na hagu ya sauka a kan katakon baya. Na wuntsila na faɗo ƙasa, kankanar gefe ta biyo ni tana gangarowa, ɗaya ta fashe min a ka.

Ban motsa ba. Ƙa'ida ce, ba a tashi sai darakta ya ce a tsaya. Shi kuma bai ce ba, don ya ɗauka gwaninta ce. Ina kwance ina jin mutanen gari da suka zo kallo suna ta ƙyaƙyata dariya, har da masu faɗuwa ƙasa. Malam Habibu ne ya fara ganewa. Ya jefar da littafinsa ya shigo gaban kyamara da gudu yana cewa, "Ku tsaya! Ku tsaya, ƙafarsa ba daidai take ba!"

A asibiti aka ɗauki hoto aka ce ƙashin cinya ne ya karye can sama kusa da ƙugu. Wannan ita ce muguwar shekarata. Damina ta zo ta wuce ina kwance a ɗaki. Ina jin mutane suna fita da sassafe da fartanya, ina jin su suna dawowa. 'Yan'uwana ne suka shuka min gona suka nome. Ni da ban iya zaman minti biyar ba, sai ga ni ina ƙirga azara, in ƙirga daga dama, in sake daga hagu. Na tuƙa igiya har ta cika ɗaki ba wanda ya ce yana so. Sau biyu ina yunƙurin tashi kafin lokaci, har mai ɗakina ta kwashe takalmana ta kai gidan yayarta.

Maigida Ilu ya zo duba ni, yana dogara sanda. Ya zauna, aka gaisa, ya yi addu'a. Sannan ya ce in faɗa masa yadda na shirya. Na zayyana masa komai, igiya, reshe, kwalaye, gwaji shida. Yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "Shanun fa? Ka duba su?"

Na ce, "Kwana uku ina tare da su."

Ya ce, "Ban ce kwana uku ba. Ranar."

Daga nan ya koma zancen gero.

Da Malam Buba ya zo na tambaye shi. Ya ce, "Wallahi da ruwan nan ya sauka, ƙanena ya ɗauki babban ya tafi gona da shi. Sai na haɗa ɗayan da wani ƙarami da nake da shi, bai daɗe da fara jan kaya ba. Na ga launinsu ɗaya, na ce kyamara ba za ta gane ba. Da ka tambaye ni da na faɗa maka." Bai yi ƙarya ba. Shi yana tunanin abin da kyamara za ta gani, don abin da ya ji muna ta faɗa ke nan. Ni ne ya kamata in sauko daga bishiya in zagaya shanun nan in kalli idonsu. Taku ashirin ne. Na ɗaga hannu daga sama saboda ana sauri. Ba laifin san ba ne, ba na mai allo ba ne, ba na Nasiru ba ne. Duk abin da zan sauka a kai nawa ne in duba, ko da yana numfashi.

Bayan kaka fim ya fito. Na matsa sai da aka ɗora ni a babur aka kai ni gidan kallo a Gaya ranar kasuwa, bayan azahar, ɗaki cike maƙil. Na zauna a baya da sandata. Fim ɗin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, Lawandi ya yi abin da ya iya. Da aka zo wurin ɗorawa, sai na ga Nasiru bai cire ba. Ya yanke daidai kafin Malam ya shigo. Ɗakin ya kaure. Mutane suna buga benci suna cewa a maimaita. Aka maimaita har sau uku. Wani da yake kusa da ni yana share hawaye ya dafa ni ya ce, "Kai, wannan Lawandi ba ƙashi a jikinsa!" Na ce masa haka ne. Ni abin da nake kallo daban: na ga hannuna na hagu ya fita yana neman ƙasa, abin da aka hana ni tun watan farko. Mummunar faɗuwa ce, ko almajirin sana'a ba zai yi ta ba. Ita ce kuma aka fi yi wa dariya a duk aikin da na taɓa yi.

Daga nan wahalar ta sake salo. Na fara takawa, waya ta fara shigowa, amma duk wanda ya kira abu ɗaya yake so: "Irin ta ɗorawar nan za ka shirya mana." In ce musu wannan ba shiri ba ne, haɗari ne. Su ce to a yi mai kama da ita. In ce mai kama da ita ma sai an karya wani. Wani darakta ya ce min, "Oga, tsoro ne ya kama ka." Na ce eh, na kashe wayar. A hankali kiran ya ɗauke. Na koma kasuwar hatsi ina ɗinkin bakin buhu a zaune, ina kallon 'yan dako suna hawa mota suna sauka, ƙafata tana rawa ita kaɗai.

Ruwan wata shekarar ya kusa sauka, ina tsakar gida da hantsi, na ji sallama. Malam Habibu ne da Lawandi. Malam ya zaro wani sabon littafi daga jaka, ko bugawa ba a yi ba, zanen fensir ne. Ya ce ci gaban labarin Cindo ne, Nasiru yana so ya ɗauka, kuma ya ce ba zai fara ba sai in ni zan tsara faɗan, daga ƙasa, a kan kujera in na ga dama. Na karɓa na buɗe. A shafin farko Cindo yana tafe, kafaɗa ɗaya ta yi ƙasa. Na buɗe na biyu, haka. Na goma, haka. Ɗingishi yake yi tun daga farko har ƙarshe.

Malam ya ce, "Na gwada zana shi yana gudu kamar da, abin ya ƙi. Na ga yadda ake faɗowa daga bishiya. Ba a tashi haka nan."

Lawandi ya miƙe ya gyara hula ya ce, "Maigida, ni har na fara koyo. Duba ka gani." Ya bi tsakar gidan yana jan ƙafa, yana karkace baki, yana tangaɗi kamar wanda kunama ta harba. Mai ɗakina tana bakin murhu ta juya baya don kada a ga tana dariya.

Na ce, "Wannan ƙaya ka taka. Ba a gwiwa abin yake ba, a ƙugu yake. Kuma mai shi ba ya nunawa, ɓoyewa yake yi, shi ya sa ake gani."

Na jingine sandata a bango. Na miƙe na tsaya a gabansa, na ce ya zuba ido a kafaɗata, kada ya kalli ƙafa. Na taka daga bakin zaure zuwa gindin rumbu, na juyo. Ba wanda ya yi dariya. Malam ya riga ya zaro fensir.

Na ce wa Lawandi, "To biyo ni. Hagu za ka fara."

Sau goma sha ɗaya muka kai muka komo kafin ya samu.